Malam Me-Ka-Gani da Ƙofar Ɗakin Umma

Yayana bai taɓa ba mutum amsa kai tsaye ba sai rana ɗaya, kuma ba na fatan in sake ganin irin wannan ranar. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa, zai ɗaga kai ya dubi sama ya ce kai me ka gani. Matarsa ta tambaye shi ko gishiri ya ji a miya, zai ce ita yaya ta ji. Ɗalibansa na jami'a ba su sha wahalar nemo masa suna ba. Malam Me-Ka-Gani suke ce masa, wani lokaci har a gabansa, shi kuma ya yi ta murmushi kamar an ƙara masa girma. Mutane suna ɗauka hikima ce. Ni ce auta a gidanmu, a bayansa na tashi, kuma na san tsoro ne.

Babanmu mutum ne mai saurin hannu. In ya yi tambaya ka ba da amsar da ba ita ba, kafin ka rufe baki ranƙwashi ya sauka. Yaya tun yana ƙarami ya gano mafita. In Baba ya ce wa ya bar famfo a buɗe, sai ya ce wane famfo, na ciki ko na waje? Kafin a gama tantance famfo fushin ya huce, ko kuma ya sauka a kan wani, yawanci ni.

A gidajen haya muka tashi, daga wannan zuwa wancan. Mun zauna inda rufi ke yoyo, mun zauna inda mai gida ke zuwa ya tsaya a tsakar gida yana ƙirga mu da ido. Ko da Baba ya rasu, Umma ta gaji da ɗaure kaya har ta daina kwance wasu ƙullin. Ina jin shi ya sa da Yaya ya shiga jami'a ya zaɓi karatun kula da gidaje da filaye: yadda ake ba da haya, yadda ake kimanta gida, yadda ake gyara da zama da 'yan haya lafiya. Ya gama, aka riƙe shi yana koyarwa. Shekarun farko ya sha wuya, domin malami dole ya tsaya gaban aji ya faɗi abu, kuma in ɗalibi ya ɗaga hannu sai zufa ta karyo masa.

Sai sashensu ya kawo sabon tsarin koyarwa. Maimakon malami ya yi ta lacca ɗalibai suna rubutu, sai a raba su rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni matsala ta gaske, gida na gaske da 'yan hayarsa na gaske, su je su duba, su yi gardama, su dawo da shawara. Aikin malami ya yi musu tambayoyi ya mayar da su kan hanya. Babbar ƙa'idar ita ce kada ya ba su amsa, ko da ya san ta. Ranar da Yaya ya zo yana ba mu labari, na yi dariya har na ƙware. Na ce masa ashe jami'a ta zauna ta ƙirƙiro aiki don shi kaɗai. Kuma gaskiya ya iya. Ɗalibansa suna fita da ido a buɗe, masu gidaje har rububinsu suke yi.

Shi ya samo mana gidan da muka zauna ni da Umma da yarana biyu, don mijina direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya. Bene ne mai hawa uku, shaguna a ƙasa, mu a can sama. Yaya ya zagaya shi ciki da waje kafin ya yarda, ya ce akwai iska, akwai haske, ba mai taka mana kai. Umma ta hau da ƙyar saboda gwiwoyinta, ta zauna a bakin gado ta kwance ƙullin kayanta gaba ɗaya, har waɗanda suka shekara a ɗaure. Ta ce ɗanta masani ya zaɓa mata, daga nan kuma sai kabari. A hankali gwiwoyin suka ƙara tsanani ta daina sauka kwata-kwata. Duniyarta ta zama ɗakinta, da falo inda nake ɗinki, da tagar da take kallon titi.

Bayan wani lokaci wani mai sayar da firji ya kama shaguna biyu da ke jere a ƙasa, ya ce yana son fili. Mai gida ya yarda a haɗe su. Muka sha bugun guduma da ƙura na ɗan lokaci, aka gama, aka shafa fenti, aka sa gilashi mai faɗi, wurin ya yi kyau har muna alfahari da shi. A wannan shekarar kuma mai gida ya ɗora manyan tankunan ruwa a kan rufin, muka yi ta sa masa albarka.

Da damina ta shigo, ƙofar ɗakin Umma ta fara cijewa. Sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗe. Na gaya wa Yaya, ya ce katako ne ya sha danshi, ya turo kafinta ya rage ta daga sama. Ta yi lafiya, sannan ta koma cijewa, alhali ruwa ya ɗauke. Ya sake turo kafintan ya sake ragewa. Abin da aka koya masa ke nan, kuma abin da yake koyarwa: ɗan haya ya kawo ƙorafi, ka aika mai gyara da wuri kada ƙaramin abu ya zama babba. Har yabon kansa ya yi a kan saurin da ya yi.

Mai gidan namu mutum ne mai yawan mita. Ya tare Yaya wata rana ya ce 'yan haya suna ta tashi, waɗanda suka rage kuma ba su da aiki sai ƙorafi. Yaya ya ga ya samu matsala mai kyau, ya roƙi izini ya ba ɗalibansa gidan. Amsar tana kansa tun kafin ya ba su: babu mai kula da gidan, matattakala ba fitila, magudanar ruwa ta toshe, mai gida ba ya sauraron kowa. Yana jira ne kawai su gano da kansu ya gyaɗa musu kai.

Suka zo su shida, da 'yan littattafansu da wayoyinsu. Umma ta samu abin da take so. Ta sa na dafa musu shayi, ta ba su labarin duk masu gidan da ta taɓa zama a ƙarƙashinsu, da wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu. A cikinsu akwai wani dogo mai surutu, shi ne shugaban rukunin, da wata siririyar yarinya mai tabarau wadda ba ta cika magana ba. Ita ba ta tambayar mutane sosai. Ƙofofi take bi tana buɗewa tana rufewa, har na fara tunanin ko lafiyarta ƙalau.

Ana cikin haka kwarkwaron zarena ya faɗo daga kan keken ɗinki, ya gangara ya nufi lungun da ke kusa da ɗakin Umma. Na ce ta bar shi, can yake zuwa kullum, har takalmi nake ajiyewa a wurin don ya tare shi. Ta ɗauko shi ta kai ɗaya gefen falon ta ajiye a hankali, ba ta tura ba. Ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya kama hanya ya koma lungun. Ta tambaye ni ko haka yake yi tun da muka tare. Na buɗe baki zan ce e, sai na tuna ba haka ba ne. Da can in zare ya faɗi, inda ya faɗi nan nake samunsa.

Abin da ya faru a ofishin Yaya washegari da safe, shi ya ba ni labari daga baya. Mai tabarau ta same shi ta ce akwai abin da bai shiga cikin matsalar da ya ba su ba. Duk ƙofofin da ke cijewa a gefe ɗaya suke, wata a saman wata, tun daga hawa na farko har namu, kuma a ƙarƙashinsu shagon mai firji ne. Ta ce masa ko wannan yana da wata ma'ana. Yaya yana tattara takardu zai shiga aji. Ya ji daɗin tambayar, ya ce mata ita me ta gani, su koma gaba ɗayansu su duba da kyau. Ta tafi ta kwaso sauran suka taho gidanmu.

Ya ce yana tsaye gaban allo, ya juya baya yana rubutu, sai kawai ya tuna ranar da ya je karɓar mana makulli. Mai gida ya makara, rana ta dame shi, ya jingina da wani ƙaton ginshiƙi da ke tsakanin shagunan nan biyu yana jira. Har sanyin simintin ya tuna a bayansa. Sannan ya tuna gilashin mai firji, mai faɗi tun daga wannan bango har wancan, ba abin da ya raba shi. Ya wuce ta gabansa ba adadi yana yaba kyansa. Ya ce alli ya faɗi daga hannunsa, ya fita bai ce wa ajin komai ba.

Ina kan keke wayata ta yi ƙara. Ɗaliban suna falo, dogon yana auna bango, Umma ta shiga ɗaki ta tura ƙofa za ta ɗan kwanta. Na ɗauka. Babu sallama, babu tambayar yara.

"Auta, ki fitar da kowa daga gidan nan yanzu. Kada ki ɗauki komai. Ga ni nan."

Ba maganar ce ta fara tsorata ni ba, yadda ta zo ne. Tun da nake ban taɓa jin Yaya ya faɗi abu a miƙe haka ba.  Na maimaita wa ɗaliban abin da ya ce. Dogon ya fara tambayar dalili, amma mai tabarau ta dubi lungun da takalmina yake, ta dubi silin, fuskarta ta canza. Ta ce musu an cire abin da ke riƙe da wannan gefen. Nan take suka watsu suna buga ƙofofin maƙwabta. Na gode wa Allah yarana suna makaranta.

Na je ɗakin Umma na murɗa hannun ƙofa. Ta ƙi. Na sa kafaɗa yadda na saba, ko motsi ba ta yi ba. Da safen nan na buɗe ta da hannu ɗaya. Na ɗaga kai na ga samanta ya manne da katakon jikin bango, ko allura ba za ta shiga ba, ƙofar da aka rage har sau biyu. A lokacin na fahimci ba ƙofar ce ke kumbura ba, ginin ne ke saukowa a kanta.

Na kira Umma. Ta amsa daga ciki ta ce in bar buga mata ƙofa kamar 'yar karɓar haya. Na ce ta jawo ta daga ciki, ta ce ba za ta tashi ba, gwiwarta ta riƙe. Ina jin mutane suna sauka a guje, yara suna kuka, wata mata tana kiran sunan ɗanta. Sannan gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan na fara jin wani ɗan ƙara a bango, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinken ashana. Wataƙila ya daɗe yana yi, ƙarar kekena ce ta hana ni ji. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na kasa gudu, na kasa tsayawa, sai kai da komo nake tsakanin ƙofar da matattakala.

Dogon da mai tabarau suka dawo sama. Dogon ya ja da baya zai doki ƙofar da ƙafa, ita ta riƙe shi ta ce ba su san me ƙofar take ɗauke da shi yanzu ba. Suna wannan gardamar Yaya ya iso, yana haki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Mutumin da ko tsani ba ya hawa sai an riƙe masa. Ya dubi ɗalibansa ya ce su sauka. Dogon ya ce Malam ai za su taimaka. Yaya ya daka masa tsawa, irin ta Baba sak, har ni sai da na razana. Suka sauka. Ni ma ya ce in bi su, na ce ba inda za ni.

Ya durƙusa ya sa kafaɗarsa a ƙasan ƙofar, inda ba ta manne ba, ya tura a hankali. Katakon ya yi ƙara, ya lanƙwasa, ya tsage daga tsakiya. Yashi ya zubo masa a ka, siriri, bai tsaya ba. Muka tsaya cak muna kallon sama. Da ya ga ba abin da ya biyo baya, ya ɓalle rabin ƙofar na ƙasa, muka rarrafa muka shiga.

Umma tana zaune a bakin gado ta ɗaura ɗankwalinta. Ta dubi ƙofarta, ta dubi ɗanta da yashi a gashinsa. Ta ce ita ba za a ɗauke ta kamar buhu a kai ta titi mutane su yi ta kallo ba, sai an gaya mata dalili. Na ga bakin Yaya yana motsi, na san tambaya ce ke neman fitowa, don ba shi da wata hanyar magana. Umma ta riga shi.

"Kai me ka gani?"

Ya durƙusa a gabanta.

"Umma, na ga gidan nan zai iya faɗuwa. Ni na sa ku a ciki, kuma ni na sa aka rage ƙofar nan maimakon in tambayi abin da ya sa take cijewa. Ki hau bayana."

 Ta miƙa hannu. Muka fitar da ita ta ƙasan ƙofar da jan gindi, tana cije leɓe saboda gwiwar, sannan na ɗora masa ita. Umma ba ƙaramar mace ba ce, Yaya kuwa alli ne mafi nauyin abin da ya saba ɗauka. Muka kama matattakala, wadda ba fitila, ina gaba da hasken waya, yana bina yana lalube da ƙafar da ba takalmi. A hawa na biyu na haska bango na ga tsaga ta taso daga ƙasa a karkace, wadda jiya ba ta nan, faɗinta ya isa yatsa ya shiga. Na kawar da hasken don kada Umma ta gani. Ta gani. Na ji tana addu'a ƙasa-ƙasa a kunnensa, shi kuma yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan, alhali da sauran tafiya. Kowane taku ina jiran ƙarar da za ta zama ta ƙarshe.

Muka fito cikin rana. Ya tsallaka titi da ita, bai sauke ta ba sai da ya kai gaban shagon mai walda a can nesa, aka ba ta benci. Sannan ya zauna a ƙasa.

Gidan bai faɗi ba. Muka tsaya muna kallonsa, shi ma yana tsaye abinsa, labulen wani yana kaɗawa a taga. Mai gida ya iso yana kumfar baki, ya ce ya ba da gidansa a yi karatu an mayar masa da shi abin kallo. Mai firji ya ce bango kawai aka cire, kuma magininsa ya ce ba komai. Waɗanda suka bar tukunya a kan wuta suka fara harararmu. Yaya ya riga ya kira wani abokin aikinsa injiniyan gini, shi yake jira. Injiniyan ya zo, ya shiga shagon, ya sa aka ɓamɓare allon da aka rufe silin da shi, ya leƙa. Ya fito da sauri fiye da yadda ya shiga, ya ce a kashe wutar gidan, a zubar da ruwan tankunan ta tiyo daga waje, kada kowa ya sake hawa.

Hukuma ta zo ta zagaye wurin da igiya, aka tokare shagon da ƙarafa, aka bar mu muka kwashe kaya kaɗan-kaɗan, mutum biyu-biyu. Daga baya aka rushe ginin. Har yau akwai tsofaffin maƙwabtanmu da ba sa gaishe ni, sun ce da an bar shi da yana nan tsaye, Yaya ne ya raba su da muhallinsu. Na taɓa tambayarsa ko da gaske zai faɗi. Bai ce ni me na gani ba. Ya ce bai sani ba, kuma abin da ke hana shi sukuni shi ne ya tura 'ya'yan mutane shida cikin ginin da bakinsa, yana jin daɗin ya yi tambaya mai kyau.

Bai bar koyarwa ba, bai kuma bar tsarin ba. Har yanzu Malam Me-Ka-Gani ne, har yanzu ba ya ba da amsa. Sai dai ba ya ba ɗalibai gida sai ya je shi kaɗai tukuna, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, ya tsaya a ƙasa yana tambayar masu shaguna abin da ke wurin da can. Ya rame, kuma in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Umma tana gidansa yanzu, gida ne na ƙasa, ba bene. Ƙullin kayanta biyu suna bayan gado ba ta kwance ba, kuma ba wanda ya ce ta kwance.

Daminar da ta wuce na je gaishe ta, na tarar matar Yaya tana neman lambar kafinta, wai ƙofar ɗakin Umma ta fara cijewa. Yaya ya fito daga ɗaki ya ji.  Ya tambaye ni ko akwai zare a jakata. Na ba shi kwarkwaro, ya durƙusa ya ajiye shi a tsakiyar ɗakin, ya janye hannunsa a hankali. Muka zagaye shi mu huɗu, har da Umma daga kan gado.  Kwarkwaron bai motsa ba. Ya canza masa wuri, ya sake canzawa, yana nan inda aka ajiye shi.

Matarsa ta sauke ajiyar zuciya ta ce to danshi ne, a kira kafintan. Yaya ya ce a'a. Ya ɗauko sukudireba ya kwance ƙofar gaba ɗaya, ya jingine ta a bayan gida. Ni na ɗinka labulen da ke wurin yanzu, mai kauri, don Umma ta ce iska tana damunta.